Baturen da Ya Jira Ni a Shumaisi

Wata Juma'a cikin watan Safar da ya wuce, muna zaune a gidan babban ɗana, mun gama cin shinkafa ana jiran shayi, sai ya duba wayarsa, ya yi tsaki, ya ce, "Tsohon maƙaryacin nan ya mutu."

Na ce, "Wane?"

Ya ce, "Bafaranshen mana, Abuya," wato Baba, yadda yake kirana. "Ka tuna shi. Mai tseren mota. Wanda ya sa ka wuni a rana."

Ya miƙo mini wayar. Idona ba ya ganin ƙananan rubutu yanzu, amma hoton na gan shi. Tsoho ne ya rame, kansa fari fat, ya ɗora hannun hagu a kan gwiwa, da tabon ƙunar nan da ya sa fatar ta yi sumul kamar leda. Hannun na fara ganewa kafin fuskar. Sau ɗaya na taɓa ganin mutumin a duniya, shekara talatin da 'yan kai da suka wuce, ko gaisawa ba mu yi ba.

Ɗana ya karɓi wayar yana ta karantawa. Ya ce, "Ji yadda suke yabonsa. Wai mutum ne mai cika alkawari." Ya yi wata dariya marar daɗi. Aka kawo shayi, na riƙe kofin har ya huce ban kai baki ba. Mutumin nan bai saɓa wa kowa alkawari ba. Ni na yi masa ƙarya, ɗana kuma ya yarda da ni.

A Tandabawi, wata unguwa a Makka, aka haife ni. Mahaifina a ƙafa ya zo daga Damagaram, gudun aikin tilas na Faransawa. In ya tuɓe riga zai yi wanka, muna ganin shatar bulala a bayansa, kuma har ya rasu bai taɓa ambaton Faransa bai tofar da yawu ba. Na yi karatun allo, na yi shekara huɗu a makarantar gwamnati, daga nan na kama mota. Shekara arba'in ina jan bas, sauran watanni tsakanin Makka da Jidda, lokacin aikin Hajji kuma daga Mina zuwa Arfa, daga Arfa zuwa Muzdalifa. Ko ƙwarzane alhaji bai taɓa samu a motata ba.

Ɗan nan nawa ɗan fari ne, don haka ban taɓa kiran sunansa ba, "kai" nake ce masa har yau. Tun yana ƙarami ba shi da magana sai ta mota. Ni na koya masa tuƙi, ni nake fita da shi bayan gari ranar hutu in nuna masa yashi: wanda zai ɗauki mota, wanda zai haɗiye ta, yadda launinsa ke sauyawa in akwai rami a ƙasa, da yadda ake rage iskar taya kafin a hau tudu. Uwarsa kuwa, Allah ya ji ƙanta, daga Damagaram ta zo da girmanta, ta yi boko a can, tana jin Faransanci. Da wasa da wasa ta koya masa. Ba na so, amma ban hana ba.

Yana da shekara goma sha tara ya samu aiki a wani gareji a Jidda. A shekarar ce wani dillalin motoci ya ɗauko Bafaranshen don ya gwada masa wata sabuwar mota a cikin yashinmu da zafinmu, aka ajiye motar a garejin. Da Baturen ya ji baƙin yaro yana amsa masa da harshensu, sai ya ja shi a jiki.

Duk ranar Alhamis yaron zai dawo gida, daga nan har ya koma ba mu jin komai sai labarin mutumin nan. A bakinsa na ji rayuwarsa kaf, ban nema ba. Wai ubansa maƙeri ne a wani ƙauye mai sanyi, yana gyaran motocin noma. Motar da ya fara tsere da ita shi ya harhaɗa ta daga tarkace. Daga baya manyan kamfanoni suka ɗauke shi, ya shiga tseren kwalta, inda motoci ke zagaya wuri ɗaya kamar iska, har sunansa ya fara fita. Wata rana birki ya ƙi, ya daki shinge, motar ta kama wuta. A nan ya ƙone hannu, ƙafa kuma ta karye ta ɗoru a karkace. Likitoci suka ce shi da sitiyari har abada. Ya yi shekara biyu yana koyon riƙe cokali, sannan ya dawo, amma ba kwalta ba, sai tseren hamada, wanda ake kwana da kwanaki ana ratsa Sahara. Wai ya bi ta Agadas, har ya iya cewa "sannu" da "ina ruwa". Labarin da yaron ya fi so shi ne na ranar da yana kan gaba, saura kaɗan ya ci kofi, ya tarar da abokin takararsa ya kife, ya tsaya ya jawo shi daga cikin mota, wasu suka wuce suka cinye.

Ni kuwa in ce, "Ƙato mai shekara arba'in yana wasan mota. Gudun nan zuwa ina? Wa ke jiransa a can?"

Uwarsa ta ce, "Malam, kai ma ai gudun kake yi ranar Arfa."

Na ce, "Ni baƙin Allah nake kaiwa inda aka kira su. Shi wa yake kaiwa?"

Yaron ya sunkuyar da kai yana dariya, ya ci gaba da labarinsa.

A tseren hamada mutum biyu ne a mota. Ɗaya na tuƙi, ɗaya na gefensa da littafi yana karanta masa hanya: kwana na zuwa, rami a dama, tudu a gaba. Mai karanta wa Baturen hanya zafi ya kwantar da shi, sai aka ce yaron ya zauna a kujerar na kwana biyu. Yashin da na koya masa shi ya yi aiki da shi. Yakan ce wa Baturen ya kauce tun kafin littafin ya faɗa. Kafin wata ya ƙare, mutumin ya ce yana so ya tafi da shi Faransa, ya horar da shi shekara biyu, sannan ya zauna a gefensa a tsere na gaske. Yaron bai kai shekarun fita ƙasa da kansa ba. Dole sai da sa hannuna.

Na ji tsoron ya mutu a cikin ƙarfe, wannan gaskiya ne. Na ji tsoron ya bar salla. Na tuna bayan mahaifina. Waɗannan su na riƙa faɗa wa kaina. Amma akwai wanda ban faɗa ba sai yanzu da na tsufa: kishi. Yadda idon yaron nan ke haske in yana zancen Baturen, bai taɓa yi ba a kan tuƙina. Ban taɓa jin ya yi alfahari da ni a gaban kowa ba.

Ban so in ce a'a kai tsaye, don uwarsa tana bayansa, kuma na san zai riƙe ni da shi. Sai na fake da al'ada. A wurinmu, duk mai neman ɗan mutum, ko aure ne ko koyon sana'a, gida yake zuwa, ya cire takalmi, ya gaida uba, ya sha abin da aka ba shi. Na ce, "In yana son ka, ya zo gidana ya gaishe ni. Ba na ba da ɗa ta hanyar saƙo."

Uwarsa ta ajiye ludayi ta ce, "Malam, ka ji tsoron Allah. Ka san ba Musulmi ba ne. Ta ina zai wuce shinge?"

Na ce, "To ni na kafa iyakar?"

Na ɗauka magana ta mutu. Alhamis ta zagayo, yaron ya shigo yana haki. Wai Baturen ya ce al'adar nan mai kyau ce, a ƙauyensu ma haka ake yi. Tunda ba shi da ikon shiga Makka, zai zo iya inda aka yarda ya tsaya, a Shumaisi, wurin da hanya ke rabuwa waɗanda ba Musulmi ba su karkata. Akwai mai shayi kusa da gidan mai a wurin. Ranar Talata zai zo tun da safe, zai jira ni har la'asar, don a yammacin ranar jirginsa zai tashi. Dattawan unguwa suka ji, suka ce wannan girmamawa ce, dole in je. Na ce zan je.

Yaron ya ce zai raka ni ya yi mana tafinta. Na ce yaro ba ya zama inda manya ke maganarsa, kuma ai shi ya ce Baturen yana jin Larabci kaɗan kaɗan.

Ranar Talata uwarsa ta goge mini farar riga. Ta cika fulas da shayi mai na'ana'a, ta ƙulla dabino, sannan ta naɗe tabarmar da muke shimfiɗa wa baƙi ta ɗaure ta da igiya. Ta ce, "Tunda ba zai iya zuwa gidan ba, kai ka kai masa gidan. Ya cire takalmi ya hau tabarmarka, ya sha shayinka, shi ke nan al'ada ta cika." Ta fi ni hankali nesa ba kusa ba.

Na fita da ƙaramar motata da hantsi. Na wuce shinge, na rage gudu, sai ga shi. Gajere ne, ba kamar yadda na zana shi a raina ba. Ya sa kwat da laktaye a cikin wannan zafin. Ga rumfar mai shayi da inuwa a bayansa, amma ya fito bakin titi ya tsaya a rana, ina jin don kada in wuce ban gan shi ba. Yana riƙe da wani ƙunshi. Duk motar da ta fito daga Makka sai ya bi ta da ido. Da na matso ya taka taku biyu yana ɗingishi, ya ɗaga ƙonannen hannun ya kare rana, ya dubi motata.

A nan na san in na tsaya, mutumin nan ya gaishe ni, ba zan iya hana shi ɗana ba. Sai na taka totur.

Na wuce har Bahra. Na shiga wani masallaci na zauna har aka yi azahar. Shayin na zubar da shi a gindin katanga, dabinon na ba wasu leburori. Da na juyo, ta ɗaya hannun titin, na hango shi yana nan. Ya cire kwat ɗin ya rataya a ƙofar mota, ya zauna a kan bonet, fuskarsa tana kallon Makka. Ban rage gudu ba.

Yaron bai tafi aiki ba ranar, yana bakin ƙofa yana jirana. Na ce, "Bai zo ba. Na wuni a rana, ban ga kowa ba."

Ya tsaya yana duban bakina kamar zan ƙara wata magana. Uwarsa ta karɓi kayan, ta juya tabarmar, ta dubi ƙullin igiyar. Ta ce, "Malam, ko kwance ta ba ka yi ba."

Na ce, "In shimfiɗa wa wa?"

Ta dube ni, ta daɗe, sannan ta shige ciki. Har ta rasu ba ta sake tada zancen ba.

Washegari yaron ya tafi Jidda. A gareji aka ce masa Baturen ya sallami kowa tun ranar Litinin, ba wanda ya sake ganinsa. Maganarsu ta zo daidai da tawa. Ya dawo ya yage hotunan motocin da ya manna a ɗakinsa, bai sake taka garejin ba. Na nema masa aiki a kamfanin da nake, ya karɓa ba musu.

Bayan wata biyu wasiƙa ta zo akwatina na gidan waya, da kan sarkin ƙasar waje, da sunan yaron. Na so in ƙone ta, hannuna ya ƙi. Na sa ta a akwatin ƙarfe, ƙarƙashin takardun gida. Da aka rushe unguwarmu muka tashi, da ita na tashi. Ba na karanta Faransanci, wadda ke karantawa kuma ban nuna mata ba.

Yaron ya zama direba nagari, ya fi ni. Yanzu shi ke shugabantar direbobi lokacin Hajji, yana da furfura a gemu. Amma ya zama mutum mai wuyar yarda. In wani ya ce masa "gobe zan zo", sai ya ce, "Mu gani." Na sha ji yana ce wa 'ya'yansa, "Kada ku riƙe alkawarin kowa sai na ubanku." In ya faɗi haka yakan waiwayo ya dube ni, in gyaɗa kai. In an nuna tseren mota a talabijin sai ya tashi ya fita.

A ranar Juma'ar nan ban faɗa masa gaskiya ba. Ya gama karanta labarin rasuwar yana fassara mana da izgili: wai bayan ya bar tsere ya buɗe makarantar koyar da matasa, ya ɗauko yara daga ƙasashen da ya ratsa, wasu sun zama manyan direbobi, ya mutu a ƙauyen da aka haife shi, ya bar 'ya ɗaya. Ya ajiye wayar ya ce, "Allah ne ya raba ni da shi."

Na koma ɗakina na yi kwana tara ina juya abin. Na je Harami na yi ɗawafi a keken guragu, na roƙi gafara, amma ko ɗan karatuna ya isa in san haƙƙin mutum ba ɗawafi ke sauke shi ba. Mutum biyu na cuta. Ɗaya ya tafi inda ba zan same shi ba, ɗaya yana nan. Shi ke kai ni asibiti, shi ke yanke mini farce, cin abincin Juma'a a gidansa shi ne abin da ya rage mini a mako. Na san in na buɗe baki zan iya rasa duk wannan. In na yi shiru kuma, zan mutu ya yi ta yi mini addu'a a kan ƙarya, yana zagin wanda bai yi masa komai ba.

Ranar Litinin da hantsi ya zo da maganina. Na ce, "Kai, zauna." Na miƙa masa wasiƙar.

Ya duba sunansa, ya duba kan sarkin. Ya ce, "Mece ce wannan, Abuya?"

Na ce, "Ya zo. Na gan shi da idona, zuwa da dawowa. Ni ne ban tsaya ba."

Ya yi dariya, yana tsammanin ruɗewar tsufa ce. Da ya ga fuskata ya daina. Ya farke ambulan a hankali. Faransancinsa ya yi tsatsa, da yatsa yake bin layi, leɓensa na motsi. Na ji kamar ba zai gama ba.

Na ce, "Me ya ce?"

Ya ci gaba da bin layi da yatsa. Na sake tambaya.

Ya ce, "Ya ce ya jira har la'asar ta wuce, saura kaɗan jirgi ya bar shi. Ya ce ya je wurin 'yan sandan shinge ya tambaye su ko an yi haɗari a hanyar Makka. Ya ce in rubuto masa ko kana lafiya." Ya juya takardar. "Rabin takardar nan lafiyarka yake tambaya, Abuya. Ya ce kujerata tana nan har ƙarshen shekara. Ya ce in kai ne ba ka yarda ba, in bi maganarka, kada in yi fushi da kai."

Na rasa inda zan sa idona.

Ya ce, "Umma ta sani?"

Na ce, "Ban faɗa mata ba."

"Ba abin da na tambaye ka ke nan ba."

Na ce, "Ina jin ta sani."

Ya ninke takardar ya sa a aljihun ƙirji. Ya ce, "Da ka ce mini a'a, wallahi da na yi kuka na haƙura. Wataƙila ma da na tafi da tuni na mutu a Sahara, Allah ne ya sani. Ba motar ke ci mini rai ba. Shekara talatin ina zagin bawan Allah nan a gabanka, kana zaune kana jina."

Na ce, "Ka yafe mini."

Ya miƙe. Ya ce, "Kai ubana ne, ba ni da inda zan kai ka. Amma kada ka tambaye ni yau." Ya jera mini ƙwayoyin maganin a kan faranti kamar kullum, na safe daban na yamma daban, ya fita.

Juma'a bakwai ke nan ban ci abinci a gidansa ba. Matarsa tana aiko mini da shi a kula. Shi kuma yakan zo, ya sumbaci kaina, ya tambayi ƙafata da hawan jini, duk a tsaye, sannan ya ce ana jiransa. Bai taɓa ɗaga mini murya ba. Da ya ɗaga da na fi samun sauƙi.

Shekaranjiya ya zo ya ce ya ɗauki hutu, an ba shi biza, zai tafi Faransa ya nemi 'yar mutumin, ya kai mata wasiƙar ubanta ta gani, ya faɗa mata abin da ya yi ta faɗa a kan ubanta. Ya ciro biro da takarda ya ce, "In akwai abin da za ka ce mata, faɗi in rubuta."

Na yi ta neman magana mai kyau, ban samu ba. Na ce, "Ka ce mata ubanta ya zo, ya jira. Ka ce mata wanda ya wuce shi a titi yana nan da rai, yana jin kunya."

Ya rubuta, ya karanta mini, ya ce, "Shi ke nan?"

Na ce shi ke nan.

Jirginsa jibi ne, kwana goma zai yi. Na roƙe shi in ya dawo ya zo ya ba ni labarin yadda suka yi, ko da mai ɗaci ne. Ya ce, "In sha Allahu," yana neman takalminsa a bakin ƙofa. Ban sani ba ko ranar zai zauna.